Kujerar Najeriya a Jeniba da wayar dillalin Maigatari

Ranar Alhamis a karar Maigatari, idan ka tsaya kusa da dillalan shanu ka zuba ido, za ka lura kusan kowa da waya biyu, ko kuma waya ɗaya mai cin layi biyu. Na taɓa zama gefen wani dattijo yana cinikin bijimai da wani mutumin Damagaram. Ya ciro ƙaramar waya daga aljihun gaba ya yi magana, ya mayar, ya laluba aljihun gefe ya ciro wata. Na ce, "Baba, wannan ta iyali ce, waccan ta kasuwa?" Ya yi dariya ya ce, "A'a ɗana, wannan ta Najeriya ce, wannan ta Faranshi. In na kira can da layin nan, kafin mu gama gaisuwa kuɗin sun ƙare."

Tsakanin inda yake zaune da ƙasar Nijar tafiyar ƙafa ce. Wanda yake kira harshensu ɗaya, wataƙila ma surukinsa ne. Amma lambarsa tana farawa da 234, ta wancan da 227, kuma wannan bambanci na lamba uku ya isa ya mai da hirar maƙwabta kiran ƙasar waje. Su wane ne suka raba waɗannan lambobi? A ina ake zama a yanke yadda layin wata ƙasa zai gaisa da na wata? Kuma Najeriya, da take alfahari da yawan masu riƙe waya fiye da kowace ƙasa a Afirka, me take yi a wannan zama?

Wurin zaman dai yana Jeniba ta ƙasar Suwizalan, sunansa Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wadda aka fi sani da ITU. Ta girmi Majalisar Ɗinkin Duniya da shekara 80, domin a 1865 ƙasashen Turai 20 suka kafa ta a Faris don su daidaita yadda saƙon tangaraho zai ƙetare iyaka ba tare da an tsaya ana kwafe shi da hannu a kowane shinge ba. Yau tana da ƙasashe 194. Nijar ta shiga a 1960, Najeriya a 1961. Aikinta kashi uku ne: rabon zangon iska da guraben tauraron ɗan'adam, tsara ƙa'idojin da na'urori za su bi don su fahimci juna, sai kuma taimaka wa ƙasashe masu tasowa. Kowace ƙasa ƙuri'arta ɗaya, Amurka ɗaya, ƙaramar ƙasar tsibirai ta Tuvalu ɗaya. A takarda ke nan.

Dattawan da suka tashi da sauraron rediyo sun san aikin wannan ƙungiya ko da ba su san sunanta ba. Duk lokacin da mai gabatarwa ya ce ana kama su a kan mita 49 ko mita 25, rabon da aka yi ne yake karantowa. Da ba a yi wannan rabo ba, da Rediyon Kaduna da tashoshin Landan da Kolon sun hau kan juna sai shuuu kawai za a riƙa ji. Iska ba ta san shingen kwastan ba, shi ya sa dole a zauna a yi yarjejeniya a kanta.

Abin da nake son in nuna shi ne, Najeriya ta iya neman kujera a irin waɗannan wurare, kuma tana samu. Inda take tuntuɓe shi ne tsakanin kujerar da gida.

Mu fara da kujerun. Majalisar gudanarwar ITU tana da mambobi 48, Afirka na da 13 a ciki, kuma Najeriya ta daɗe tana cikinsu. A babban taron Bukarest na 2022 an sake zaɓenta, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, kuma a shekarar ce ya shugabanci dandalin shekara-shekara da ƙungiyar ke shiryawa a Jeniba kan harkar fasahar sadarwa da ci gaban al'umma. Ƙungiyar hukumomin kula da sadarwa ta Afirka ta Yamma, WATRA, hedikwatarta a Abuja take. Injiniya Shola Taylor ya riƙe sakatariyar ƙungiyar sadarwa ta ƙasashe renon Ingila daga 2015. Wannan duk ba a banza aka same su ba. Tushensu gwanjon lasisin wayar salula na watan Janairun 2001, wanda hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe ta yi a bainar jama'a, kowane lasisi ya tashi dala miliyan 285. Ƙasar da a lokacin layukan wayarta ba su wuce kimanin 400,000 ba, kuma duniya ta san ta da cuwa-cuwa, sai ga ta ta yi gwanjon da ba wanda ya iya kushe shi. Shekaru da dama bayan haka jami'an wasu ƙasashen Afirka Abuja suke zuwa ɗaukar darasi. Mutuncin da Najeriya ke ci a tarukan sadarwa har yau, rabinsa daga wannan gwanjo ya samo asali, sauran rabin kuma girman kasuwa ne. Kamfanin MTN, ɗan asalin Afirka ta Kudu, ya ɗanɗana wannan girma a 2015 da aka ci shi tarar sama da naira tiriliyan ɗaya kan layukan da bai yi wa rajista ba, har sai da maganar ta shiga tsakanin fadar Abuja da ta Afirka ta Kudu kafin a sauko da ita zuwa biliyan 330.

Amma manyan kujeru biyar na ITU, waɗanda ake zaɓa da ƙuri'ar sirri, har yau ɗan Najeriya bai hau ko ɗaya ba. Ɗan Mali, Hamadoun Toure, ya yi babban sakatare daga 2007 zuwa 2014. Ɗan Burkina Faso, Brahima Sanou, ya riƙe sashen raya ƙasashe shekara takwas. Yanzu ɗan Zimbabuwe, Cosmas Zavazava, ke kan wannan kujera. Ita ma Nijar ɗanta Abdoulkarim Soumaila ya shugabanci Ƙungiyar Sadarwa ta Afirka wa'adi biyu. Najeriya ta gwada: a 2014 a Busan Shola Taylor ya nemi mataimakin babban sakatare, ɗan Ingila Malcolm Johnson ya kayar da shi, a 2018 a Dubai William Ijeh ya nemi sashen raya ƙasashe, shi da ɗan Zimbabuwe suka raba ƙuri'un Afirka, Ba'amurkiya Doreen Bogdan-Martin ta wuce ta tsakiyarsu. Ita ce yanzu babbar sakatariya, bayan ta doke ɗan takarar Rasha da ƙuri'a 139 da 25 a 2022. Ƙananan ƙasashen sun fi Najeriya iya lallashin maƙwabta, domin ba wanda ke jin tsoron su danne shi. Babba kuwa in ya zo neman ƙuri'a da faɗin kafaɗa, sai a yi masa murmushi a fili a kayar da shi a akwati.

Ni a ganina wannan ba shi ne babban rashi ba. Muƙami ado ne. Ainihin cinikin ana yin sa ne a taron rabon zangon iska da ake yi duk bayan shekara uku zuwa huɗu, da ƙananan kwamitocin injiniyoyi da ke share shekaru suna shirya masa. Kuma a nan ne Afirka ta taɓa yin wani abin a-zo-a-gani, wanda ya kamata a tsaya a kansa.

Sai an ɗan yi bayani. Zangon iska kamar fili ne a kasuwa, wani wurin ya fi wani daraja. Zango na ƙasa-ƙasa, irin 700 da 800 na ma'aunin megahaz, yana tafiya nesa, yana ratsa bango da bishiya. Turken sabis ɗaya a kan wannan zango zai ɗauki ƙauyukan da sai an kafa turaku da yawa kafin a ɗauke su a zango na sama. Ga ƙasa mai faɗi da ƙauyuka a warwatse kamar Yobe ko Tawa, wannan shi ne bambancin a samu sabis ko a hau bishiya ana ɗaga waya. Matsalar ita ce gidajen talabijin ne suka daɗe a zaune a kan wannan fili.

ITU ta kasa duniya shiyya uku, kuma ta haɗa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya a shiyya ta ɗaya. Wato abin da ya dace da Jamus shi ake ɗora wa Nijar, alhali bukatunsu ba su haɗa hanya ba. A taron 2007 an ware wa wayar salula zangon 800 a wannan shiyya, abin da ya yi wa Turai daidai. A Najeriya da wasu ƙasashen Afirka kuwa wani ɓangare na wannan fili tuni akwai masu zama a kai, wato kamfanonin waya da ke amfani da wata fasaha da ake kira CDMA irin su Visafone. Ga shi kuma Afirka ba ta da yawan tashoshin talabijin da suka cika zangon 700 kamar Turai. Filin kusan fayau yake. To a taron 2012 a Jeniba sai ƙasashen Afirka da na Larabawa suka haɗa kai suka ce a buɗe 700 ɗin ma ga wayar salula. Maganar ma ba ta cikin jerin abubuwan da aka shirya tattaunawa, Turawa kuma ba su so ba saboda gidajen talabijin ɗinsu. Amma ƙasashe sama da hamsin in suka yi magana da murya ɗaya a zauren da ake ƙirga ƙuri'a, dole a saurara. Aka amince, da sharaɗin zai fara aiki bayan taron 2015. Daga baya Turai da kanta ta bi sahu. Da wuya ka sami wani misali da Afirka ta ja Turai ta bi ta a harkar fasaha, kuma abin lura shi ne ba ƙasa ɗaya ce ta yi ba. Najeriya ta yi nauyi a wannan ciniki ne saboda tana cikin ayari.

To an ci kasuwa a Jeniba, sai kawo kaya gida. A nan labarin ya canza.

Kafin a ba wayar salula wannan fili sai an kwashe talabijin na tsohon yayi an mai da shi na dijital, wanda ke cusa tashoshi da yawa a gurbin da da tasha ɗaya ke ci. Yarjejeniyar Jeniba ta 2006, wadda Najeriya ta sa wa hannu, ta tsayar da 17 ga Yunin 2015 a matsayin ranar ƙarshe. Najeriya don zumuɗi ta sa wa kanta 2012. Ta wuce. 2015 ta zo ta wuce. Aka ce 2017, ita ma ta wuce. An ƙaddamar da gwaji a Jos a 2016, sai Abuja, sai Ilori da Kaduna a 2017, Legas da Kano sai 2021. Kowane biki da tambura da jawabai da akwatin FreeTV da ake ɗagawa a nuna wa 'yan jarida. Bayan biki sai shiru: rikicin kuɗi tsakanin gwamnati da masu harhaɗa akwatunan, shari'u a kotu, canjin shugabanni a hukumar kula da kafafen watsa labarai. Ƙasashe irin su Tanzaniya da Ruwanda da Kenya, waɗanda ba su kai Najeriya baki a taro ba, sun gama nasu tun tuni.

Wani zai ce ai ba wanda ya ci tarar Najeriya. Gaskiya ne, ITU ba ta da ɗan sanda. Hukuncin kawai shi ne daga ranar da wa'adi ya cika, tsohuwar tasharka ba ta da kariya idan ta maƙwabci ta shiga mata, kuma in taka ta shiga tasa kai ne da laifi. Amma asarar gaskiya ba a nan take ba. Tana wurin shekarun da filin ya yi ba a amfana da shi yadda ya kamata ba, da ƙauyukan da har yau sai an hau tudu ake tura saƙo.

Haka labarin sararin samaniya yake. A nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, saitin tsakiyar duniya, akwai wani zobe da in aka ajiye tauraro a kansa zai riƙa juyawa daidai da juyawar ƙasa, sai ka gan shi kamar a tsaye. Shi ya sa farantin dish ɗinka ba ya motsi. Guraben wannan zobe ƙididdigaggu ne, kuma tsarin yawancinsu shi ne wanda ya riga shigar da takarda a Jeniba shi ke da wuri, muddin ya harba tauraro cikin shekara bakwai. Ƙasashen da suka riga kowa arziki sun riga kowa layi. Tun 1976 wasu ƙasashen da ke kan tsakiyar duniya, ciki har da Kenya da Yuganda da Zayar, suka taru a Bogota suka ce sararin da ke saman kansu nasu ne. Ba wanda ya kula su. Ƙaramar tsibirin Tonga kuwa sai ta gano dabara a ƙarshen shekarun 1980, ta cike takardun neman gurabe da yawa ba ta da ko tauraro ɗaya, ta riƙa ba da haya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Najeriya ta kama gurbinta a digiri 42.5 gabas. Kamfanin ƙasar Sin ya ƙera mata NigComSat-1 aka harba a watan Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar fuka-fukan da ke tara masa hasken rana. Aka harba madadinsa, NigComSat-1R, a Disamban 2011, da tsarin zai yi shekara 15. Yi lissafi da kanka. Gurbi a sama ba gado ba ne. In tauraronka ya mutu ba ka maye shi cikin wa'adi ba, akwai masu jira a layi. Kuma a tsawon rayuwar tauraron nan kukan da masu tafiyar da shi suka fi yi shi ne hatta ma'aikatun gwamnati da gidajen talabijin na gida taurarin ƙasashen waje suke haya.

Ana cikin haka sai ga wani sabon salo da ya tsallake tsohon zoben gaba ɗaya. Starlink na Elon Musk yana da dubban ƙananan taurari da ke shawagi ƙasa-ƙasa, kuma Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki a cikinta, a Janairun 2023. Nijar ta buɗe masa ƙofa a 2025, bayan an daɗe ana shigo da farantansa ta bayan fage. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wahalar da ke gaba: na'urar da aka yi wa rajista a Kano tana iya aiki a jejin da ba hukumar da ke gani. Dokokin da za su tsara irin waɗannan taurari, da batun haɗa su kai tsaye da wayar hannu, suna cikin manyan batutuwan taron rabon zango na 2027. Ƙasar da ba ta tura injiniyoyinta kwamitocin share fage tun yanzu ba, za ta je ne kawai ta ɗaga hannu a kan abin da wasu suka rubuta.

Wannan batu na injiniyoyi shi ne abin da ba a cika faɗa ba. Na ce kowace ƙasa ƙuri'arta ɗaya, amma a ITU ba kasafai ake kai wa ga ƙuri'a ba, sai dai a yi ta ja har a gaji a daidaita. Taron rabon zango makonni huɗu ne, kuma a lokaci guda ana iya zama a ɗakuna goma ko fiye, wasu har tsakar dare. Amurka da Sin da Japan suna zuwa da tawaga mai yawa, tare da ma'aikatan kamfanoninsu da suka shekara goma a kan sakin layi ɗaya. Ƙasar da ta zo da mutum biyar dole ta zaɓi ɗakin da za ta bari. Najeriya ba ta da ƙarancin tawaga, amma duk wanda ya san yadda ake rubuta sunayen masu tafiya taron ƙasar waje a ma'aikatunmu ya san ba kullum wanda ya san aikin ke samun tikiti ba. Kuma da an canza minista sai a canza fuskoki, alhali wannan fage ne da sanayya da daɗewa ke aiki: wanda aka saba gani shi ake ba shugabancin kwamiti, mai shugabancin kwamiti kuma shi ke riƙe da alƙalami.

Akwai kuma siyasa tsagwaronta. A Disamban 2012 a Dubai an yi taron sabunta dokokin sadarwa na duniya, aka watse baran-baran: ƙasashe 89 suka sa hannu, 55 suka ƙi. Amurka da Ingila da yawancin Turai suka ce ana son a ba gwamnatoci linzamin intanet ta bayan gida. Rasha da Sin da ƙasashen Larabawa da akasarin Afirka, har da Najeriya, suka sa hannu. Hujjar Afirka tana da ƙarfi: kamfanonin da ke cin ribar intanet suna can, masu shimfiɗa waya da kuɗinsu suna nan. Amma tsoron ɗaya ɓangaren ma ba tatsuniya ba ne, kuma mu shaida ne. A Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter wata bakwai, har kotun ECOWAS ta ce an saɓa doka. A Satumban shekarar aka kashe sabis ɗin waya a Zamfara, sannan wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, da sunan yaƙi da 'yan bindiga. Mutanen garuruwan bakin iyaka sun san abin da ya faru: sabis ɗin Nijar da ke tsallakowa bai ɗauke ba, don haka mai layin can ya ci gaba da waya, na kirki da na banza. Talakan da ke tsakiyar jiha kuwa sai ya shiga mota ya tafi wata jiha don ya gaya wa ɗansa an yi rasuwa.

Inda Najeriya ta yi abin yabo a kwanan nan shi ne batun wayoyin ƙarƙashin teku. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi na kwana huɗu, manyan wayoyi huɗu suka katse a tekun da ke gaban Kwaddebuwa: WACS da ACE da MainOne da SAT-3. Masu POS suka zauna suna kallon na'ura tana juyi, bankuna suka cika da masu jira, cefanen buɗa-baki ya gagari wanda kuɗinsa ke cikin waya. Ghana da Laberiya da Benin da Burkina Faso da Nijar duk abin ya taɓa su. Sai a ranar mutane da yawa suka san cewa intanet ba daga sama take zuwa ba, sama da kashi 99 cikin ɗari na abin da ke ƙetare nahiyoyi ta cikin waya mai kaurin tiyon ban-ruwa yake bi a ƙasan teku. Gyara ya ɗauki makonni, wani ma kusan wata biyu, domin jiragen ruwan da ke wannan aiki 'yan kaɗan ne, sai an taso da su daga nesa kamar Kef Tawun, ga kuma jiran izinin shiga ruwan kowace ƙasa. Abin da ya rage wa Najeriya zafi shi ne tana da wasu wayoyin da ba su katse ba, irin Glo-1 da Equiano na Google da ya sauka Legas a 2022, aka karkatar da kaya ta kansu.

A ƙarshen shekarar ITU ta kafa kwamitin ba da shawara kan kare waɗannan wayoyi, aka naɗa ministan sadarwa Bosun Tijani shugaba tare da Sandra Maximiano ta Fotugal, kuma taron ƙoli na farko a Abuja aka yi shi a Fabrairun 2025. Wannan kujera ce mai ma'ana, don ta fito daga ciwon da aka ji a jiki. Sai dai ga ɗan arewa tambayar ita ce: wayar ta sauka Legas, sai kuma yaya? Daga bakin teku zuwa Maiduguri ko Sakkwato sai an bi ta ƙasa, ta hannun jihohin da ke karɓar kuɗin haƙa rami son ransu duk da an yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, da 'yan kwangilar titi da ke tsinke waya da katafila ba ko sannu. Nijar da Chadi kuwa ba su da teku sam, abin da maƙwabta suka miƙo musu shi suke sha. Akwai aikin shimfiɗa waya ta hamada da Bankin Raya Afirka ke ɗaukar nauyi, wanda zai haɗa Aljeriya da Nijar da Chadi da Najeriya, kuma reshensa ɗaya ya biyo ta Damagaram da Magarya zuwa iyakarmu. In ya haɗu yadda aka tsara, Kano za ta sami ƙofa ta biyu ta arewa, ranar da teku ta sake yin halinta ba sai an zuba wa Legas ido ba. Ban ji wani gwamnan arewa ya ɗauki wannan magana da zafi ba.

Mu koma wurin dattijon Maigatari. Abin takaicin shi ne matsalarsa an riga an warware ta a takarda. Tun Disamban 2017 ECOWAS ta zartar da dokar da ta ce ɗan ƙasar ƙungiyar in ya shiga wata ƙasar da layinsa, zai amsa kira kyauta har kwana 30, ya kuma yi kira da farashin 'yan gida. Ana iya yi, domin ƙasashen gabashin Afirka, Kenya da Ruwanda da Yuganda, sun yi irinsa tun wajen 2014 kuma kira tsakaninsu ya ƙaru. A yammacin Afirka sai da aka shekara biyar da rabi kafin ƙasashe biyu na farko, Ghana da Kwaddebuwa, su fara aiki da ita a 2023, sai Togo da Benin suka biyo. Dalilin jan ƙafar ba ɓoyayye ba ne. Gwamnatoci da dama suna cin haraji a kan kowane minti na kiran da ya shigo daga waje, kamfanoni suna cin riba a kan yawon layi, ga kuma tsoron masu damfarar da ke shigo da kiran waje ta akwatin layuka su mai da shi kamar na gida. Kowa yana jiran wani ya fara sakin nasa. Ƙasar da ya kamata ta fara, wato Najeriya, wadda hedikwatar ECOWAS da ta WATRA duk suna cikin babban birninta, ba ta kasance a sahun gaba ba.

Kafin a farga siyasa ta shigo. Juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, rufe iyaka, yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, sannan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wadda ta tabbata a Janairun 2025. Ƙasashen uku sun sa hannu kan tasu yarjejeniyar sauƙaƙa kira a tsakaninsu a ƙarshen 2024. Yanzu mutumin Maraɗi ya fi samun sauƙin yawo da layinsa a Bamako, mai nisan sama da kilomita dubu, a kan Katsina da yake zuwa ya dawo a yini. Dokar 2017 ba ta hau kan Nijar kuma, don haka in za a yi wani abu sai dai NCC ta zauna da takwararta ARCEP ta Nijar su biyu su ƙulla nasu. Ba abin da ya hana: dukkansu suna cikin ITU, suna cikin Ƙungiyar Sadarwa ta Afirka, akwai ma kamfani ɗaya, Airtel, da ke aiki a ɓangarorin iyakar biyu, kuma dole dama injiniyoyinsu su riƙa magana don turakun Illela da na Ƙonni kada su hau kan juna.

Da na sake bi ta Maigatari na tarar da dattijon ya ƙara waya ta uku, babba mai shafawa, jikansa ya saka masa WhatsApp. Ya ce yanzu da ita yake tura hoton sa zuwa Damagaram a yi ciniki, ba ruwansa da 227. Na ce to ai an huta. Ya ce, "Ina fa hutu, Malam? Can cikin ruga ba data. In Bafillacen ya shiga daji, sai dai ƙaramar." Ya shafa aljihun gefe.